Babban kanti mai rahusa zai buɗe kusa da shagona, in biya haya ko in tashi?

Mai Shagon Kwana: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a wajen Mariri a Kano, su taliya, sukari, madara, omo da magi. To an gama wata sabuwar filaza a bakin titi, ƙasan gaba ɗaya wani babban kanti ne ya kama, irin masu cewa farashin sari suke sayarwa, har sun rataya kyalle wai wata mai kamawa za su buɗe. Tsakanina da su tafiyar ƙafa ce. Ga hayata ta ƙare ƙarshen watan nan, mai gini ya yi ƙari kuma ya ce na shekara zan ba shi a dunƙule. In biya ne ko in kwashe in koma ƙofar gida? Wanda haka ta taɓa faruwa da shi nake son ji.

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Rabon wani ba ya hana na wani malam, biya kawai ka dogara ga Allah.

Maman Biyu: Dan Allah wace filazar ce? Suna kawo kayan jarirai?

Bakano a Merilan: Mu nan Amurka irin su Aldi da Lidl ne, duka na Jamus. Arahar tasu ba sihiri ba ce, kaya kala kaɗan suke ajiyewa, yawanci da tambarin kansu, a cikin kwalinsu suke jera su, ma'aikata 'yan kaɗan, jaka ma kai za ka zo da taka ko ka saya. A Aldi sai ka saka kwabon senti 25 kafin ka ciri keken zuba kaya, in ka mayar ka karɓi kuɗinka. Ka duba abin da ba za su iya ba, su ba sa ƙulla sukarin naira 200, ba sa buɗewa da asuba.

Tsohon Mai Shago: Ni ta faru da ni, kuma wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Da aka buɗe irin wannan kantin a unguwarmu na ce babu komai ai mutanena ba za su guje ni ba, kuma gaskiya ba su guje ni ba, sai dai ranar da albashi ya shigo can suke zuwa su ciko but ɗin mota da kuɗi hannu, in wata ya yi nisa aljihu ya bushe sai a turo min yaro da kwano wai in ji Baba a ba da shinkafa a rubuta. Masu kuɗi na kanti, masu bashi nawa. Littafi ya cika, kanta ta zama fayau, na je sari babu abin biya, uban ɗakina ya daina ba ni kaya. Akwai maƙocin da muke sahu ɗaya a masallaci, da na yi masa maganar kuɗina cewa ya yi na ci masa mutunci, har yau ba ma gaisawa. Firiza na fara sayarwa, daga baya na mayar da makulli. Yanzu adaidaita nake ja ina kai balas. Kada ka biya.

Ɗan Singa: Allah ya mayar da alheri yallaɓai, amma bashi ne ya ci ka ba kanti ba. Shoprite ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 aka ce kasuwa ta mutu, ga shi a Janairun 2024 ta rufe a Kano, kasuwar Singa kuma tana nan. Mai kunna janareta da AC wuni guda a tsadar dizal ɗin nan ba zai karya farashi ya ɗore ba. Rahusar makon farko ce.

Maman Biyu: A'a fa, ni na sayi kwalin taliya a wani kanti ya fi na kasuwa sauƙi da naira 1,500.

Ɗan Singa: Hajiya wane kamfani? Guda nawa ne a ciki? Ni na ga inda ya fi namu tsada da 2,000.

Malamin Firamare: Ku biyun duk kuna iya yin gaskiya. Su kan sauke abu biyu uku su ja mutane, su fanshe a man girki da sabulu. Kuma ku riƙa duba rasit, a Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda kuɗin da ke jikin kanta daban, na wajen biya daban.

Tsohon Mai Shago: Ɗan Singa kai dila ne, so kake ya ci gaba da zuwa sari wajenku. Shi kuma na Amurka ina ya san bashin maƙoci.

Bakano a Merilan: Haba yaya, a shagon mahaifina na tashi a Kurna, na san littafin bashi tun ina firamare.

Autan Mama: Ni dai in sun buɗe zan je shan AC, in ɗau hoto da kwando in fito da biskit ɗaya 😂

Baban Yara: Wannan bashin shi ne ciwon. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wanda ba ya cin bashi ma ya fara.

Hajiya Mai Kanti: Bashi ma da sauƙi, ka san mai shi. Alat na bogi fa? Tun wahalar kuɗi ta farkon 2023 kowa tiransifa, yaro ya nuna maka waya ya ɗau kaya ya tafi, ka jira har dare babu abin da ya shigo. Na makon jiya madara gwangwani shida ya tafi da su.

Ɗan Singa: Hajiya kada ki saki kaya sai kin gani a wayarki, ko ki sa POS.

Hajiya Mai Kanti: POS ɗin wa zai biya cajin? Ka ce wa mutum ya ɗora 100 ya hau ka da faɗa.

Mai Shagon Kwana: Na gode ƙwarai, amma maganar hayar fa, akwai wanda ya taɓa roƙon mai gini ya karɓi na wata shida ya yarda?

Maman Biyu: Hajiya ni ma an cire min kuɗi sau biyu a POS, banki sun ce in jira, har yau shiru.