Wa ke yi wa wa sadakar wuta?

Baban Sadik, Kuta: Salamu alaikum jama'a. Yau kwana huɗu firjin shagona a kashe, zoɓo da kunun aya sun yi tsami, da hannuna na tuttular a kwata. Ni da ko awa guda ba na yi a kan babur na isa dam ɗin Shiroro. Manyan wayoyin nan ta saman gonar mahaifina suka ratsa, da damina har zizarsu kake ji. Kainji, Jebba, Shiroro, Zungeru, duk a jiharmu. Amma kuɗin dakon wutar da ake cusa mana a bil daidai yake da na mutumin Legas. Ai wanda aka kai wa kaya nesa shi ke biyan kuɗin mota mai yawa. Mu 'yan Neja sadakar wuta kawai muke yi wa Najeriya.

Ustaz na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Malam, gyara kalamanka. Sadaka sai da niyya, kuma sai da abin da ka mallaka. Yaushe ka mallaki Shiroro har ka yi niyyar bayarwa?

Baban Sadik: Allah gafarta Malam, ba fatawa na nema ba. Zoɓona ya lalace.

Ɗan Sabon Gari: Idan maganar sadaka ce to a faɗi gaskiya. Mafi yawan wutar da ke kan babban layin ƙasa da iskar gas ake samar da ita, gas kuwa daga Neja Delta yake fitowa. Wa ke yi wa wa sadaka?

Maman Khalifa: Kai dai kullum kana bayan 'yan kudu. Su gas ɗinsu ai ana ba su kashi 13 cikin 100 na kuɗin da ake samu. Mutanen tsohuwar Bussa da ruwan Kainji ya cinye garinsu a 1968, kashi nawa aka ba su?

Ɗan Sabon Gari: Hajiya, ba ga HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ke da dam ɗin samar da wuta, ba? Don su aka kafa ta.

Maman Khalifa: Ka je ka tambayi manoman da ruwa ke shanye wa shinkafa duk sanda aka buɗe dam, su ba ka labarin hukuma.

Injiniya: Don Allah a bar sadaka a dawo kan dako, don tambayar Baban Sadik tana da ma'ana. Gaskiya ne kuɗin amfani da manyan layukan TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, farashi ɗaya ne a duk ƙasa, kamar kan sarki a jikin wasiƙa: ko Minna za ta ko Maiduguri, kuɗin ɗaya. To amma Yaya, ka yi tunanin abin da kake roƙo. Ranar da aka ce kowa ya biya gwargwadon nisansa da tasha, kai za ka samu ragi kaɗan, tunda dako ba shi ne babban kaso a bil ba, kuɗin samar da wutar ya fi shi nesa ba kusa ba. Waɗanda za su sha wuya su ne Sakkwato, Kano, Yobe da Borno, don su ne a wutsiyar layi. Legas tana da tashar Egbin a bayan gidanta. Bulalar da ka ɗauko don Legas a bayan ɗan Damaturu za ta sauka. Sannan rashin wutarka na kwana huɗu, ina kyautata zaton daga ƙaramin layi ne ko taransifoma, ba daga manyan turakun ba.

Ustaz na Tudun Wada: To ka ji. Ashe ma ba sadaka ba ce, taimakekeniya ce.

Elhadj na Maraɗi: Ni dai kalmar nan ta sadaka ta ishe ni. Haka kuke ce muna, wai sadakar kuran kuke ba Nijar. Saye muke! Kuma ruwan da ke juya Kainji ta Yamai yake bi kafin ya iso gare ku. A watan Agustan 2023 kuka yanke muna kuran sabili da siyasa, asibitoci na cikin duhu. Mai sadaka na yin haka?

Ɗan Sabon Gari: Saye ko bashi, Alhaji?

Elhadj na Maraɗi: Bari a gama dam ɗinmu na Kandaji, ka zo ka maimaita.

Ɗan Sabon Gari: Tun ina firamare ake gama Kandaji.

Maman Khalifa: Kai wai ba ka da kunya ne? Alhaji sa'an babanka ne.

Na Hambug: Ku saurara, abin da Injiniya ke faɗa mun gan shi a nan Jamus, sai dai a juye. Arewacinsu ne ke da iska, can aka kakkafa fankokin samar da wuta. Kuɗin faɗaɗa layukan da za su kwashi wutar sai ya faɗa kan mazauna yankin, ya zamana mai fanka a bayan gida ya fi ɗan wani birnin kudu biyan kuɗin layi. Jihohin arewa suka yi ta ƙorafi, daga Janairun 2025 aka fara raba wannan ƙarin a kan kowa da kowa a ƙasar. Gobe idan aka shimfiɗa manyan gonakin sola a Katsina ko Jigawa, wa zai biya layin da zai kai wutar kudu? Wannan ce tambayar.

Ɗan Sabon Gari: Wace goben? A 2016 aka sa hannu da kamfanoni 14 kan manyan tashoshin sola, ka nuna min inda suke. Ku na waje komai sai ku ce a nan Jamus.

Na Hambug: Da ka samu bizar ai da ba ka ce haka ba.

Injiniya: Akwai kuma wadda ba a so a taɓa. Masu hali suna sa sola da batir suna sauka daga layi, musamman tun da aka kai 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta a rana, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Turaku da wayoyi kuwa sai an kula da su ko mutum nawa suka rage. Kenan nauyin yana komawa kan mai shago irin Baban Sadik. Mai sola kuma bai cire mitarsa ba, yana jiran ranar hadari.

Shugaban Zaure: Injiniya, a nan ka kauce. Da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna a Oktoban 2024, arewa ta haura mako cikin duhu, gidan wa aka riƙa layin cajin waya da ɗiban ruwa? Gidan masu sola. In ana neman masu sadaka to ga su nan.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ban ce laifi ba ne. Lissafi na yi.

Ustaz na Tudun Wada: Wannan kam sadaka ce, in an yi don Allah.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. An yi ittifaƙi cewa kalmar sadaka ba ta dace ba. Alhaji da Ɗan Sabon Gari su yafi juna. Maganar dako Injiniya ya yi dogon bayani, Allah Ya saka. Abin da kowa ya fahimta shi ne babban layi ba abin dogaro ba ne, mafita kowa ya nemi solarsa. Mai buƙata ya same ni ta gefe, akwai sababbin faranti da batir, ana biya kashi uku.

Injiniya: Ni ban fahimci haka ba.

Baban Sadik: Shugaba, wanda zai ɗauki firji ɗaya da fanka nawa ne?