Ina son in zama malamin jami'a a fannin yawon buɗe ido, ku ba ni shawara

Ɗan Ƙofar Soro:
Assalamu alaikum. Na gama digirin soshiyoloji, na yi bautar ƙasa bara, yanzu mastas nake son nema kuma abin da ya kwanta min a rai shi ne nazarin yawon buɗe ido da yadda mutane ke shaƙatawa. Baba dai ya ce wannan karatun masu aikin otal ne. Don Allah waɗanda suka san harkar, akwai makoma?

Malama Hajo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi wa Baba bayani cikin ladabi, masu otal baƙo suke koyon tarba, kai kuwa tambayarka ita ce wa ke zuwa, me ya kawo shi, wa ke cin riba. Masanin soshiyoloji John Urry ya yi littafi a 1990 kan yadda ake koya wa baƙo abin da zai kalla tun kafin ya baro gida, to ɗauki wannan ka je rijiyar Kusugu a Daura ka zauna yini guda, ka ga 'yan makaranta ana ba su labarin Bayajidda da macijin, ga masu ɗibar ruwan su tafi da shi gida, ga mutanen unguwar su ma suna da tasu fahimtar, wallahi littafi guda ne a wurin. Sallar Gani ma haka, masu haya da dawaki, masu ɗinkin kaya, masu abinci, wa ya zauna ya ji nasu?

Abban Sadiq Daura:
Gaskiya ne Malama, amma a gaya masa ɗayan ɓangaren. Gurbi a sashen soshiyoloji zai fito, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Dutsin-ma, kuma za a ba ka kwasa-kwasan da kowa ke koyarwa. Ba PhD ba rubuce-rubuce a mujallu, ƙarin girma sai dai ka gani a wajen wasu. Tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kuma sai ka zama ma'aikaci tukuna. Ga matsalar tsaro da ta rage baƙi.

Malama Hajo:
Ai rashin zuwan baƙin ma abin bincike ne. Kuma shaƙatawa ba sai Bature ya zo hasumiyar Gobarau da kyamara ba, gidan kallon ƙwallo da majalisar shayi duk ciki ne.

Ɗan Ƙofar Soro:
Na gode Malama, na gode Yaya. Asabar zan shiga Daura in sha Allah, da littafin rubutuna.