Neman kalma: me za mu kira "pitcher" na wasan besbol?

Mai fassara: Salamu alaikum, malamai. Ana shirya tarihin Charles Radbourn, ɗan wasan besbol na Amurka da ake wa laƙabi da Old Hoss, wanda ya rayu daga 1854 zuwa 1897. Matsayinsa a fili shi ne "pitcher", wato mai tsayawa a tsakiya yana sako wa mai sanda ƙwallo don ya doke ta. Mai jifa za mu ce, ko mai wurgi, ko mai cilli, ko maharbi?

Mai sharhin wasanni: Wa alaikumus salam. Malam, a fara duba aikin tukuna. A farkon wasan, doka ta ce da hannu ƙasa za a sako ƙwallo, kuma mai sanda ne ke zaɓa, a sama yake so ko a ƙasa. Sai a 1884 gasar National League ta yarda a ɗaga hannu sama da kafaɗa, a 1887 aka soke zaɓin mai sanda. Tazarar da ke tsakanin mai sakowa da mai sanda ma ta canza: ƙafa 50 a zamanin Radbourn, daga 1893 ta koma ƙafa 60 da inci 6, wajen mita 18 da rabi. Kalmar da za a ɗauka dole ta ɗauki salon biyu.

Malamar Hausa: To, wurgi ya faɗi tun nan. Abin da aka wurgar ba a damu da inda ya sauka ba. Cilli kuwa sama yake tafiya ya yi nisa. Maharbi na baka da bindiga ne, kuma 'yan ƙwallon ƙafa sun riga sun riƙe harbi.

Mai sharhin wasanni: Haka ne, Malama, saiti shi ne aikin. A yau faifan da ke gaban mai sanda faɗinsa inci 17 ne kacal, ƙwallon kuma sai ta bi ta kansa tsakanin gwiwa da ƙirji. Idan ta kauce sau 4 ba tare da ya kai mata duka ba, sai mai sanda ya tafi sansani na farko, wato zangon farko a hanyar cin maki, kyauta. Ga kuma murɗawa: a ɗora manuniya da ɗan yatsan tsakiya kan ɗinkin ƙwallon, a karya wuyan hannu lokacin saki, ƙwallon ta juya, iska ta lanƙwasa ta ƙasa. In an sake ta da wuri ko juyin ya yi rauni, sai ta zo a saman ƙirji a hankali, mai sanda ya aika ta bayan fili.

Mai fassara: Ke nan mai jifa?

Malamar Hausa: A'a, akwai matsala biyu. Jifa abin da aka nufa yake bi: an jefi kare da dutse. Mai karatu zai zaci mai sanda ake jifa, alhali in ƙwallo ta same shi, shi ke cin riba. Na biyu, kowa ya san abin da ake nufi in an ce an yi wa wane jifa. Daga "jefa" ya kamata a gina, a kan ƙirar marubuci da mahauci: majefi, majefiya, majefa.

Dattijon edita: Na goyi bayan Malama. A gwada a jimla a ji. "A 1884 majefin ƙungiyar Providence Grays, Radbourn, ya fara wasa 73 ya ƙarasa dukkansu da kansa, ya ci 59, wasu na ƙirga 60. Abokin aikinsa Charlie Sweeney ne ya bar ƙungiyar a watan Yuli, nauyin ya koma kansa, har ya jefa zagaye sama da 678, alhali wasa guda zagaye 9 ne. Kafaɗa ta riƙe, ana cewa da safe ko tsefe kansa ba ya iyawa. Duk da haka ya ci wasanni ukun da suka yi da New York Metropolitans a ƙarshen kaka." Babu inda ta yi tuntuɓe.

Mai sharhin wasanni: Ranka ya daɗe, ta zauna. Sai dai a bar ta ga besbol kaɗai. Na wasan kurket ba a yarda ya lanƙwasa gwiwar hannu ya miƙe ta lokacin saki ba, kuma yawanci ƙwallonsa sai ta daki ƙasa, shi a nema masa tasa.

Mai fassara: An ɗauki majefi. A ambaton farko za a rubuta "majefin ƙwallo", daga nan majefi kawai. Saura mai tsugunawa bayan mai sanda yana cafewa.