'Yan rakiyar manhaja: a kore su tun daga tushe ko a bar su?

Kawu (Jidda): Assalamu alaikum. Jiya na girka wata 'yar manhaja ta rage girman hoton fasfo a sabar ofishinmu, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. Sabar nan ko allo ba ta da shi, a ƙarƙashin tebur take tana shan ƙura. Sai ga 'yan rakiya sun biyo ta kamar na amarya, wato wasu manhajojin da take dogara da su: laburaren X11 na nuna abubuwa a allo, zanen haruffa, har da na firinta. Ni dai ina nan kan bakana: mai haɗa kunshi, wato mai shirya manhaja don a girka, ya kashe duk abin da ba dole ba tun wurin ginawa. Mai so ya kunna da kansa.

Auta (Madina): Wa alaikumus salam Kawu. Ai da ka sa --no-install-recommends, umarnin da ke hana girka ƙarin da aka ba da shawara kawai.

Kawu: Na sa, ɗana. Wannan 'yan gayya kaɗai yake korewa. Abin da aka ɗinke da manhajar lokacin ginawa sai ya zo, ko ka so ko ka ƙi.

Hajiya (Makka): Kawu, ka yi haƙuri, ban yarda ba. An gwada wannan a Debian, ɗaya daga cikin tsarukan Linux na tafiyar da kwamfuta, a watan Mayun 2024. Mai kula da kunshin KeePassXC, manhajar adana kalmomin sirri, ya gina ta ba intanet, ba haɗi da burauza, ba YubiKey (ɗan makullin tsaro da ake soka wa kwamfuta), ya ce mai son cikakkiyar ya ɗauki keepassxc-full. Wanda ya kulle ma'ajiyarsa da YubiKey ya sabunta, ya wayi gari ba ta buɗuwa. Ka ƙaddara ma'aikacin alhazai ne, aikin Hajji ya ƙarato, biza ta cika masa tebur. Wa zai tsaya ya yi masa bayani?

Kawu: Hajiya, kin manta da xz, manhajar matse fayil? Ranar 29 ga Maris na shekarar, ana tsakiyar azumi, Andres Freund ya bankaɗo ɓarauniyar ƙofa a xz 5.6.0 da 5.6.1, bayan ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na ɗan jinkiri, kusan rabin daƙiƙa. OpenSSH, manhajar da ke kula da wannan shigar, na asali ba ruwansa da xz. Debian da takwararta Fedora ne suka haɗa shi da libsystemd don ya riƙa sanar da systemd, mai tayar da manhajojin inji, cewa ya tashi, ita kuma libsystemd ta jawo liblzma, laburaren xz. Ɗan rakiyar ɗan rakiya ne ya kusa buɗe wa ɓarawo gida. Wallahi daren nan ban runtsa ba sai da na bi injinanmu ɗaya bayan ɗaya.

Auta: To a koma tsarin Gentoo ko FreeBSD mana, inda ake gina manhaja a injin mutum, kowa ya zaɓi abin da za a gina masa.

Hajiya: Auta, kai ɗalibi ne, kana da lokacin zaman jiran kwamfuta. Ni mutum shida nake kula wa da injina. Kuma Kawu, duba yadda aka gyara na xz: systemd ta koma ɗauko laburaren matsewa sai buƙata ta taso, OpenSSH kuma ya rubuta 'yan layukan sanarwar da kansa. An yanke igiyar, ba wanda aikinsa ya tsaya.

Kawu: Na ji wannan. Sabon kunshi dai ya zo ba kaya a kansa.

Hajiya: Sabo na yarda. Wanda mutane suka riga suka dogara da shi, kada a taɓa sunansa, a fito da ƙaramin da wani suna. Abin da Debian ma ta yi ke nan daga ƙarshe, da keepassxc-minimal.

Auta: Kawu, turo min sunan manhajar hoton. Bayan Isha zan gina maka ita ba X11, mu ga 'yan rakiya nawa za su rage.