Neman shawara: 'yata sai ƙiba take tunda muka koma Gwarinpa a Abuja

Assalamu alaikum iyayen gida, don Allah a ɓoye sunana. 'Yata shekarunta 15. Lokacin da muke Nyanya a ƙasa take zuwa makaranta, ta dawo ta yi wanke-wanke, ta wuce Islamiyya. Da Allah ya buɗa wa babanta muka koma Gwarinpa, yanzu direba ne ke kai ta ya ɗauko ta, ga mai aiki, ko kofin shayinta ba ta ɗaukewa. Firij kuma ba ya rabo da lemon kwalba. Kayan makarantar bara sun ƙi shiga, in ta hau bene sai haki. Kakarta cewa take hutu ne, a bar mata jika. In saya mata shayin rage ƙiba?

Wata nas daga Garki: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Shayin nan ki rufa wa kanki asiri, yawanci zawo yake sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitsen na nan. Budurwa dama takan ƙara jiki lokacin balaga, don haka a fara auna tsayinta da nauyinta a asibiti, a gwada da shekarunta. Idan al'adarta na tsallake watanni, ko bayan wuyanta ya yi baƙi kamar dauɗa, ki faɗa wa likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar minti 60 na motsa jiki kullum. A binciken da ta fitar a 2019, kashi 85 cikin 100 na 'yan mata ba sa cika wannan.

Malama daga Kubwa: Ni a aji nake gani. Wadda ake saukewa a mota da kuɗin shawarma a jaka ita ke fin jiki, mai takowa a ƙasa kuwa tana nan shar. Abin mamaki, a Amurka da Ingila 'ya'yan talakawa ƙiba ta fi kamawa, don can abincin gwangwani da soye-soye ne masu araha. Nan kuwa sai mai hali.

Hajiya daga Wuse: Haba, ku bar yarinya ta ci arzikin ubanta! Mu da har addu'ar ƙiba muke yi.

Maman 'yan biyu, Lugbe: Hajiya, a yi haƙuri, amma kwalbar lemo babba ɗaya sukarin cikinta ya haura ƙaramin cokali 10. Ke kuma mai tambaya, kada ki kuskura ki ce mata "katuwa" ko ki ware mata kwano, sai ta koma ci a ɓoye ko ta daina ci gaba ɗaya. Gidan duka za a gyara: zoɓo mai ɗan sukari kaɗan ya maye lemo, sharar ɗakinta da wankinta su dawo hannunta. Ki saya mata igiyar tsalle, a tsakar gida ma ta isa. Ranar Asabar ku zaga bakin tafkin Jabi tare.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe za mu je awon. Saura kakar, don ita ke ɓoye mata cincin a ƙarƙashin filo. Wa zai taya ni shawo kanta?