Muhawarar Zauren Dangi: Mai Shekara 36 da Kujerar Karatun Likita

Maman Khalifa: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Shekarata goma sha biyu ina aikin jinya da ungozoma a nan Kaduna, yanzu ina da shekara 36 da 'ya'ya uku, kuma na ƙudura niyyar neman gurbin karatun likita, ko a Jami'ar Jihar Kaduna ko a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Baban Khalifa ya amince. Ina roƙon wanda ya san hanya ya nuna mini ta inda zan fara haɗa takardu.

Kawu na Tudun Wada: Wa'alaikumus salam. 'Yata, na san za a yi mini caa da cewa gemu ba ya hana ilimi, to ni ban ce ƙwaƙwalwarki ta gaza ba. Maganata a kan kujera take. Majalisar da ke kula da aikin likitoci ta ƙasa, wato MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban likitancin da za ta ɗauka, saboda haka duk kujerar da babba ya zauna a kai, wani yaro aka tayar. Mu yi lissafi. Idan kin shiga kina da 37, karatun shekara shida ne, sannan shekara guda ta horo a asibiti, kin kai 44 ke nan, kuma wannan idan malaman jami'a ba su yi yajin aiki irin na 2022 ba, wanda ya cinye wata takwas. A aikin gwamnati da na sani ana ritaya ne a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, duk wadda ta riga zuwa, ke kuwa kin fara aiki kina da 24. Abin da jama'a za su mora bai wuce shekara goma sha biyar ko sha shida ba, alhali yaron da ya shiga yana da 18 zai yi fiye da talatin yana duba marasa lafiya. Ni a ganina wannan ba adalci ba ne ga yaran, kuma ba riba ba ce ga al'umma.

Dakta Ƙarami: Ranka ya daɗe Kawu, lissafinka daidai ne a takarda, amma ya ginu a kan zaton cewa yaron nan zai yi shekara talatin ɗin a Kaduna. Da dama daga cikin waɗanda muka gama tare tun suna horon shekara guda suka fara karatun jarrabawar PLAB ta neman izinin aikin likita a Ingila, wasu kuma suna Saudiyya yanzu haka. Ban zarge su ba, kowa ya san halin da ake aiki a ciki. Sai dai Yaya tana da miji da 'ya'ya da gida a nan, kuma wanda ya kafu haka ba ya saurin ɗaukar jaka. Shekara goma sha biyar a asibitin Kaduna ta fi mana amfani a kan shekara talatin a Manchesta. Ban da haka, hukumar JAMB ƙarancin shekaru ta sanya, wato 16, ba ta sanya iyakar sama ba. Ita kuma ritaya daga gwamnati ba ta karɓe lasisin likita.

Kawu na Tudun Wada: Abin da doka ta bari daban, abin da ya dace daban, Dakta. Kuma wa ya ba ka tabbacin cewa duk yaron da aka tayar mai ficewa ne?

Baban Ummi, malamin kimiyya: Da izinin Kawu, ina ganin kun tafi ƙarshen hanya kuna jayayya, alhali ƙanwata ba ta wuce ƙofar farko ba. Akwai abin da manya masu komawa karatu ba sa son ji, gara in faɗa tun yanzu. A Amurka sai mutum ya gama digiri sannan ya nemi makarantar likitanci ta shekara huɗu, ya rubuta jarrabawar neman shiga da ake kira MCAT, ya haɗa da bayanin rayuwarsa da wasiƙun shaida, a kira shi ganawa, don haka wanda ya yi shekaru a bakin gadon mara lafiya yana da abin nunawa. A nan ba haka tsarin yake ba. Shekara goma sha biyun da kika yi kina karɓar haihuwa ba za ta ƙara miki maki ko ɗaya ba. Maki ake jerawa, daga sama zuwa inda gurabe suka ƙare.

Abin da za ki fara dubawa shi ne sakamakonki na WAEC ko NECO. Ana bukatar kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama suna sharɗanta wa mai neman likitanci ya same su a zama ɗaya. Daga nan hanya biyu ce. Ta farko UTME, wato jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, inda za ki zauna gaban kwamfuta awa biyu ki amsa tambaya 180, sittin a Turanci, arba'in-arba'in a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, jimillar maki 400, sannan ki bi tantancewar da jami'ar ta tsara. Ta biyu ita ce shiga kai tsaye aji biyu, wadda ake kira DE, ga mai sakamako mai ƙarfi na IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ko mai digiri mai kyau a fannin kimiyya da ke da alaƙa. Mutane na ɗauka DE ta fi sauƙi saboda tana rage shekara guda, amma gurabenta kaɗan ne ƙwarai. Kada kuma ki ɗauka cewa takardarki ta jinya za ta buɗe miki wannan ƙofa. Ki karanta kundin sharuɗɗan JAMB na wannan shekara, sannan ki taka da ƙafarki zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar ki tambaya, domin sharuɗɗan wannan jami'a ba su ne na waccan ba.

Gwaggo Hajiya: Ni ban san waɗannan haruffa naku ba, amma na san ɗakin haihuwa. Yaya Alhaji, kai ba ka taɓa ganin matar da ta gwammace ta yi ta naƙuda a gida har jini ya ɓalle ba, don kawai an ce mata likitan da ke aiki a ranar namiji ne. Mu mun gani, cikin maƙwabta da dangi. Idan mace irin wannan 'yar, wadda ta riga ta san hannunta a wannan aiki, ta ce za ta ƙara, ni ba zan tsaya ƙirga mata shekaru ba. Abin da ya dame ni daban ne, wato yaran nan uku. Wa zai riƙe su? Amincewar miji a baki ranar farko ba ita ce amincewarsa a shekara ta huɗu ba, lokacin da tuwon dare ya fara makara kuma albashi ɗaya ya rage a gidan.

Dakta Ƙarami: Gwaggo ta taɓo inda ni ma nake da fargaba, kuma a nan zan ɗan koma ɓangaren Kawu. Karatun nan ba a yin sa rabi da rabi, babu na dare, babu na ƙarshen mako. Tsanani yana farawa ne daga aji biyu, inda ake shiga ilimin sassan jiki da fiɗar gawa, da yadda gaɓɓai ke aiki, da sinadaran jiki, har zuwa babbar jarrabawar da ke raba wanda zai wuce asibiti da wanda za a ba shawarar sauya fanni. Na ga masu hazaƙa da ba su da nauyin kowa sun faɗi a nan. Wurin zama ma abin dubawa ne. A Zariya ana fara karatu a Samaru, sannan a koma asibitin koyarwa na Shika, kuma ba karatun da za a riƙa zuwa daga Kaduna kullum ba ne. A jami'ar jiha kuwa aikin asibitin a Barau Dikko ake yi, cikin gari, Yaya tana iya kwana a ɗakinta. Sai wani abu da ba a rubuta shi a kundi ba. Yau ke ce babba a ɗakin da kike aiki, ƙananan likitoci ma suna tambayar ki. Gobe wanda kika girme da shekara goma zai tsayar da ke gaban mara lafiya ya yi miki faɗa don kin kasa amsa tambaya. Wannan ya fi karya manya fiye da littafi.

Kawu na Tudun Wada: To ka ga ka zo inda nake. Me zai hana ta ƙaro digiri a fannin jinyar, ta ƙware a ɓangare ɗaya, ta ci gaba da karɓar albashinta, ta bar wa yara kujerarsu? Ko da ta gama likitancin, ƙwarewa a fannin mata da haihuwa wasu shekaru ne masu yawa na horo da jarrabawa a gaba. Abu ɗaya da na yarda ta huta da shi shi ne bautar ƙasa, tunda wanda ya haura talatin lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi.

Auta: Kawu, ina neman afuwa da zan sa baki cikin maganar manya, amma yaron da kake karewa ni ce. Bara na nemi likitanci ban samu ba, bana zan sake. A cibiyar da na rubuta jarrabawa ban ga wani babba da zan ce shi ya tare mini hanya ba, waɗanda suka wuce ni sa'o'ina ne da suka fi ni maki. Idan Anti ta bar Fiziks shekara kusan ashirin, ta dawo ta fi ni, ban ga bakin da zan yi ƙorafi da shi ba. Sai dai Anti ki sani lokaci ne ke kayar da mutane, domin tambaya 180 cikin minti 120 ba ta ba ka damar tsayawa dogon lissafi.

Kawu na Tudun Wada: Auta, ladabinki ya yi kyau, amma maki yana auna abin da mutum ya sani ne yau, ba ya auna shekarun da suka rage masa na aiki. Har yanzu ina kan ra'ayina.

Maman Khalifa: Na gode muku duka, har da Kawu, domin lissafinsa ni ma na yi shi a dare fiye da ɗaya. Ba na ƙin aikin jinya, amma na gaji da tsayawa a kan mace tana zubar da jini ina jiran a samo likitan da zai shiga da ita tiyata, alhali na san abin da ke faruwa. Bayan bayanin Yaya Baban Ummi na buɗe akwati na ɗauko takarduna, kuma na tarar da matsala biyu. Ta farko, ba ni da kiredit a Fiziks, makarantar jinya da sakamako biyu na haɗa na shiga. Ta biyu, takardar WAEC tana ɗauke da sunan Baba, katin NIN kuwa sunan Baban Khalifa na sa bayan aure.

Baban Ummi, malamin kimiyya: Gara da aka gani yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. JAMB daga NIN take ɗauko suna da ranar haihuwa, saboda haka ki daidaita sunan kafin a buɗe rajista a farkon shekara, kuma ki yi rajistar da layin wayarki na kanki wanda ba za ki yar ba, don da shi za a ci gaba da hulɗa da ke. Game da Fiziks, shawarata ki sake zama jarrabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO ta ƙarshen shekara, ki ci duka biyar ɗin a zama ɗaya, kada ki dogara da haɗin sakamako. Idan ya fito a tabbatar an ɗora shi a manhajar CAPS da JAMB ke ba da gurbi ta cikinta, domin ba a ba da gurbi ga wanda sakamakonsa ba ya ciki.

Kawu na Tudun Wada: Tunda kin dage, ki yi mini abu ɗaya a matsayina na wanda ya yi shekaru yana sa hannu a fayil. Kafin ki kashe ko sisi, ki rubuta wa ma'aikatarku neman bayani a kan hutun ƙaro karatu, ko da albashi ne ko babu, da shekarun da za a ɗaure ki ki yi musu bayan kin dawo, kuma amsar ta zo a rubuce da hatimi. Ki kawo mini in karanta.

Baban Ummi, malamin kimiyya: Ranar Asabar bayan La'asar ina gida a Kawo. Ke da Auta ku zo tare, ku taho da littafin Fiziks na aji huɗu na sakandare da tambayoyin shekarun baya, daga babin farko za mu fara.