Shekarar zaman tare kafin jami'a: abin da 'yan'uwa suka faɗa

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawarmu kan matasan da ke ware shekara guda bayan sakandare, su zauna tare a gidan almajirantarwa na Kirista.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A yi bincike kafin a biya ko sisi. Wace ikilisiya ce ke tsaye wa gidan? Wa ke tsawata wa shugabanni in sun kauce? A nemi wanda ya gama shekararsa, a tambaye shi a keɓe.

2. Tashi addu'ar asuba da nazarin Littafi Mai Tsarki ba su cika ba mutane wuya ba. Zaman ɗaki ɗaya ne ke gwada haƙuri: wani ya zame ranar da wanke-wanke ke kansa, wani ya kunna fitila da tsakar dare ana barci. Da yawa sun kawo Matiyu 18:15, wato in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka same shi ku biyu kaɗai tukuna, kafin magana ta kai kunnen kowa.

3. Gidan da ke hana kiran iyaye, ko yake riƙe takardun mutum, a guje shi. Wannan ni ma ina nanata shi da babbar murya.

Ra'ayi ya rabu a kan dokar ajiye waya a irin waɗannan gidaje. Wasu sun ce ajiye ta ya ba su natsuwar addu'a, wasu suka ce babba ne ya zo, a koya masa kame kai kawai. Dokar hana soyayya ma haka: masu goyon baya sun ce tana kare zumunci, sauran suka ce ɓoye-ɓoye take haifarwa.